Kwana da Firikik: Tarihin Ƙofar da Ake Shigo wa Super Eagles, 1994 zuwa 2024

Maƙalar wannan mako ta tarihi ce, tarihin ƙwallon ƙafa. Wanda ba ya kallon ƙwallo kada ya wuce, domin abin da za mu duba ya shafi duk mai son rubuta tarihin wani abu: bambancin da ke tsakanin abin da jama'a suka riƙe a ka da abin da lissafi ya nuna.

Daga 1994 zuwa 2018 Najeriya ta haɗu da Ajantina sau biyar a Gasar Cin Kofin Duniya. Duka biyar ɗin an doke ta, kuma kowane karo da ratar ƙwallo ɗaya. Ƙwallaye tara aka zura mata a waɗannan wasanni, shida daga ciki ta hanyar kwana ko firikik suka shigo. A wasanni huɗu cikin biyar, ƙwallon da ta raba gardama daga nan ta fito. Amma ka shiga gidan kallo a Ƙanƙara ko Faskari ko Sabuwa ka tambayi dalilin da ya sa Ajantina ta zame mana ƙarfen ƙafa. Za a ce maka Maradona, a ce Messi, a ce alƙalin wasa, a ce rashin sa'a. Da wuya ka ji wanda zai ambaci kwana.

Mene ne bugun ajiye?

A wannan maƙala, duk bugun da ake yi bayan wasa ya tsaya za mu kira shi bugun ajiye. Ya haɗa da bugun kusurwa da muke cewa kwana, da bugun tazara wato firikik, da jifa daga gefen fili, da fenariti. Abin da ya bambanta shi da sauran wasa shi ne lokaci. Ƙwallo na ajiye, mai bugu yana kallon kowa, kuma abokansa sun san inda za ta sauka tun kafin ta tashi. Masu tsaro kuwa suna jira ne su ga abin da zai faru.

Waɗannan dokoki ba rana ɗaya aka kafa su ba. Kwana ta fara ne a dokokin garin Sheffield na Ingila, hukumar ƙwallo ta ƙasar ta karɓe ta a 1872. Fenariti ta shigo a 1891, kuma wanda ya kawo shawarar, William McCrum, mai tsaron gida ne daga arewacin Ireland. A 1903 aka yarda a ci ƙwallo kai tsaye da firikik idan laifin babba ne. A 1913 aka ƙara tazarar da masu tsaro za su ja baya zuwa yadi 10, wato mita 9.15 da alƙalai ke aunawa da taku har yau. A 1924 aka halatta cin ƙwallo kai tsaye daga kwana, kuma a cikin shekarar Cesáreo Onzari na Ajantina ya ci Uruguay da irin ta.

Kare bugun ajiye aiki ne na tsari. Ko dai kowa ya riƙe mutum ɗaya ya bi shi duk inda ya nufa, ko kowa ya tsare wani yanki, ko a gauraya biyun. Gola ne ke jera katanga, katanga ta rufe ɓangare ɗaya na raga, shi ya tsare ɗayan. Dole a sami wanda zai jira a bakin da'ira saboda ƙwallon da aka kawar ta dawo, da wanda zai fara isa idan gola ya amayar. Mutum ɗaya ya yi sakaci na daƙiƙa biyu, aikin mutum goma ya rushe.

1994 zuwa 1998: ƙofar ta fara bayyana

Ranar 25 ga Yuni 1994, a Foxborough kusa da birnin Boston na Amurka, Najeriya ƙarƙashin Clemens Westerhof ta fara cin Ajantina ta ƙafar Samson Siasia a minti na 8. A minti na 21 Ajantina ta sami firikik. Gabriel Batistuta ya sheƙa ta da ƙarfi, Peter Rufai ya tare amma ta kuɓuce masa, Claudio Caniggia ya riga kowa isa ya zura. Bayan minti bakwai aka sake yin laifi. 'Yan baya na ja da baya suna shirin jera kansu, Maradona ya hango Caniggia shi kaɗai a hagu, ya tura masa ba tare da jira ba. Aka tashi 2 da 1. Ƙwallon farko ta nuna babu wanda aka ɗora wa bin abin da gola ya amayar. Ta biyu ta nuna an ɗauki busar alƙali a matsayin hutu.

Mu lura, a wannan gasa Najeriya ma ta ci moriyar bugun ajiye. Ƙwallon da Emmanuel Amunike ya ci Italiya ranar 5 ga Yuli daga kwana ta fito, kafin Roberto Baggio ya farke a minti na 88 ya ƙara da fenariti a ƙarin lokaci.

Shekara biyu bayan haka, a gasar Olamfik ta 1996, tawagar Jo Bonfrère ta nuna ɗaya fuskar al'amarin. A wasan kusa da na ƙarshe da Brazil ranar 31 ga Yuli, ƙwallon da Nwankwo Kanu ya farke a minti na ƙarshe ta samo asali ne daga doguwar jifar Jay-Jay Okocha. A wasan ƙarshe ranar 3 ga Agusta, ana 2 da 2 da Ajantina, Najeriya ta sami firikik daf da tashi. 'Yan bayan Ajantina suka ruga gaba tare don su kama mu da satar gida, amma tarkon bai kama ba, Amunike ya tsinci kansa shi kaɗai ya ci. Zinaren da muke alfahari da shi har yau, da jifa da firikik aka ɗauko shi.

A Faransa 1998 abin ya zo ta fuska biyu. A wasan Sifaniya da aka ci 3 da 2, Fernando Hierro ya fara cin mu da firikik, Mutiu Adepoju ya farke da ka daga kwana, sannan shahararriyar ƙwallon Sunday Oliseh ta biyo bayan jifa ce da aka kawar ta faɗo gabansa. Ranar 28 ga Yuni kuma, a wasan Denmark, an ci mu a minti na 3. A minti na 12 Peter Møller ya buga firikik, Rufai ya ture, Brian Laudrup ya bi ya ƙarasa. Irin ƙwallon Caniggia ce sak, shekara huɗu tsakani. Aka tashi 4 da 1, Tijjani Babangida ne ya ci mana ɗayar. Washegari maganar gari ɗaya ce, wai Rufai ya tsufa.

2002 da 2010: mutum ɗaya, kwana biyu

Ranar 2 ga Yuni 2002 a Ibaraki ta ƙasar Japan, Najeriya ta riƙe Ajantina fiye da awa ɗaya. A minti na 63 Juan Sebastián Verón ya bugo kwana, Batistuta ya sa kai a sanda ta nesa. Ita kaɗai aka ci a wasan.

Ranar 12 ga Yuni 2010 a filin Ellis Park na Johannesburg, Maradona ya dawo a matsayin kociya, Verón kuma yana nan. A minti na 6 ya sake bugo kwana. Gabriel Heinze ya taso daga baya babu mai bin sa, ya yi sufa ya sa kai. Walter Samuel ya riƙe Chinedu Obasi ya hana shi motsi, kuma an yi ta cewa ya kamata alƙali ya busa. Ko da an yarda da haka, tare hanyar mai tsaro dabara ce da aka tsara tun a wurin atisaye, kuma wanda ya shirya mata yakan tanadi mutum na biyu. Vincent Enyeama ya hana Messi ci sau da yawa a ranar har aka ba shi gwarzon wasa, amma 1 da nema aka tashi.

Abubuwa biyu mutane suka riƙe daga gasar 2010: jan katin Sani Kaita a wasan Girka, da ƙwallon da Yakubu Aiyegbeni ya ɓarar a gaban raga a wasan Koriya ta Kudu. Kaita har saƙonnin barazana ya samu. To mu duba wasan Koriyar, na ranar 22 ga Yuni a Durban. Kalu Uche ya fara ci. Lee Jung-soo ya farke a minti na 38 daga firikik da aka ɗago cikin da'ira. Park Chu-young ya ƙara a minti na 49 da firikik kai tsaye. Yakubu ya rama da fenariti, aka tashi 2 da 2. Da Najeriya ta ci wannan wasa da ta wuce zagaye na gaba, duk da jan katin Kaita. Ƙwallaye biyun da suka hana ta duka na ajiye ne.

2014 zuwa 2024

A Brazil 2014 lissafin ya fi fitowa fili. Tawagar Stephen Keshi ta buga wasa huɗu, an zura mata ƙwallo biyar, huɗu daga bugun ajiye. A Porto Alegre ranar 25 ga Yuni, Ahmed Musa, tsohon ɗan wasan Kano Pillars, ya zama ɗan Najeriya na farko da ya ci biyu a wasa ɗaya na Kofin Duniya. Daf da hutun rabin lokaci Messi ya buga firikik Enyeama ya ture. Aka sake yin laifi kusan a wuri ɗaya, na biyun ya shiga. Minti uku bayan Musa ya sake farkewa, Marcos Rojo ya ci da gwiwa daga kwana, aka tashi 3 da 2.

Ranar 30 ga Yuni a Brasília, Najeriya ta riƙe Faransa har minti na 79. Mathieu Valbuena ya bugo kwana, Enyeama ya fito ya taɓa ta da hannu ɗaya, ta sauka a kan Paul Pogba. Ta biyu ta zo a ƙurarren lokaci daga gajeriyar kwana, Joseph Yobo ya ci gida. Kwanaki kaɗan kafin wannan wasa 'yan wasan sun ƙaurace wa atisaye saboda rikicin kuɗin alawus.

A Rasha 2018, wasan farko na Gernot Rohr da Kuroshiya ranar 16 ga Yuni an tashi 2 da nema. Ta farko kwana ce da ta bugi Oghenekaro Etebo ta shiga. Ta biyu fenariti ce da Luka Modrić ya ci bayan William Troost-Ekong ya rungume Mario Mandžukić ana tsaka da wata kwanar.

A gasar Afirka ma haka. Ranar 14 ga Yuli 2019 a Alƙahira, Riyad Mahrez na Aljeriya ya fitar da mu a wasan kusa da na ƙarshe da firikik a bugun ƙarshe na wasan, kuma ta ɓangaren da gola Daniel Akpeyi ke tsaye ta shiga. Ranar 11 ga Fabrairu 2024 a wasan ƙarshe a Abidjan, Troost-Ekong ya ci da ka bayan kwana, Franck Kessié na Kwaddibuwa ya farke da ka daga kwana a minti na 62, sannan Sébastien Haller ya ci ta biyu.

Inda aka mayar da abin sana'a

Akwai wurin da aka daɗe da gane cewa irin wannan lokaci na wasa yana buƙatar mutanensa da malaminsa, wato ƙwallon zari-ruga ta jami'o'in Amurka. Najeriya ta taɓa taka filayensu. Wasannin Brazil da Ajantina na 1996 a filin Sanford na Jami'ar Georgia aka buga su, wasan da aka doke Meziko 2 da nema kuma a Legion Field da ke Birmingham ta jihar Alabama.

A wasan nasu, ƙungiya na da dama huɗu ta ci gaba da yadi 10. Idan ta gwada uku ba ta kai ba, yawanci a ta huɗu sai ta buga ƙwallon nesa ta sallama wa abokan hamayya, don su faro daga can ƙarshen fili. Wannan bugun sallama runduna ta musamman ke shigowa ta yi shi. Mutum ɗaya zai wurga ƙwallon baya ta tsakanin ƙafafunsa zuwa ga mai bugu da ke tsaye kimanin yadi 15, sauran su tare masu kawo farmaki. Duka aikin kusan daƙiƙa biyu ne. Wanda ya yi langa yana yaro zai gane shi nan take. Mai bugu shi ne ruwa, sauran masu kare shi ne. Idan aka sami kafa aka kashe ruwa, ƙarfin sauran bai amfana komai ba.

A wancan fili na Legion Field, ranar 2 ga Disamba 1972, Jami'ar Alabama ƙarƙashin Bear Bryant, wadda ba a doke ta ba duk kakar, tana gaban Auburn da 16 da 3 saura ƙasa da minti shida. Greg Gantt ya zo bugun sallama, Bill Newton ya kutsa ya tare ƙwallon, David Langner ya ɗauka ya ruga ya ci. Bayan 'yan mintuna Alabama ta sake zuwa bugun, Newton ya sake tarewa, Langner ya sake ci. Auburn ta yi nasara da 17 da 16. Mutum ɗaya ya shigo sau biyu, kuma tsakanin na farko da na biyu ba a toshe kafar ba.

Ranar 17 ga Oktoba 2015, Michigan na gaban Michigan State da 23 da 21 saura daƙiƙa 10. Abin da ya rage mata kawai ta buga ƙwallon nesa lokaci ya ƙare. Abokan hamayya ba su bar kowa a baya ba, suka taho gaba ɗaya. Wurgin ya zo ƙasa-ƙasa, ƙwallon ta kuɓuce wa mai bugu Blake O'Neill, Jalen Watts-Jackson ya cafe ya ruga yadi 38, aka tashi 27 da 23. O'Neill ya sha zagi da barazana a intanet, irin abin da ya sami Kaita. Ko a can, jama'a mutum ɗaya suke nema su ɗora wa.

Masu horarwa kuwa sun ɗauki wani darasi dabam. Frank Beamer, wanda ya jagoranci Virginia Tech daga 1987 zuwa 2015, da kansa yake koyar da rundunar ta musamman, kuma manyan 'yan wasansa yake sa wa a ciki, ba 'yan benci ba. Ƙungiyarsa ta yi suna da tare bugun abokan hamayya. Daga baya tunanin ya tsallako ƙwallon ƙafa. Gareth Southgate ya je Amurka ya nazarci zari-ruga da ƙwallon kwando, kuma a Rasha 2018 tara daga cikin ƙwallaye 12 da Ingila ta ci na bugun ajiye ne. A shekarar Liverpool ta ɗauki Thomas Grønnemark don ya koyar da jifa kawai. Italiya ta ci Kofin Turai a 2021 tana da Gianni Vio, tsohon ma'aikacin banki, a matsayin malamin kwana da firikik. Magoya bayan Arsenal na gidajen kallonmu sun san sunan Nicolas Jover, wanda ya zo ƙungiyar a 2021.

Me ya sa abin ke maimaituwa?

Dalili na farko da tarihi ya nuna shi ne canjin kociya a bakin gasa. Bora Milutinović ya karɓi aiki 'yan watanni kafin Faransa 1998. Shaibu Amodu ne ya kai ƙasar gasar 2002 da ta 2010, kuma duka biyun an sauke shi kafin a tafi, aka kawo Festus Onigbinde a karon farko, Lars Lagerbäck a na biyu. Kare kwana maimaici yake so, mutanen nan ɗaya su yi ta yi har kowa ya san inda ɗan uwansa zai tsaya. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Sai dai wannan dalili bai isa shi kaɗai ba. Keshi ya riƙe tawagar tun 2011, Rohr tun 2016, kuma duka biyun ta wannan ƙofa aka shigo musu. Na biyu shi ne yadda ake kashe ɗan lokacin da tawagar ƙasa ke samu. 'Yan wasa na taruwa ne daga ƙasashe dabam-dabam na 'yan kwanaki, kowa da tsarin kulob ɗinsa, wani ya saba riƙe mutum, wani ya saba tsare yanki. Idan rikicin alawus ya cinye rana guda a cikin waɗannan kwanaki, abin da ake fara yankewa shi ne aikin da ba ya burge kowa.

Na uku ya fi kusa da mu. Duk wanda ya tashi yana buga ƙwallo a filin firamare, a Sabuwa ne ko Daudawa ko 'Yargoje, ya san dokokin da ba a rubuta ba. Raga duwatsu biyu ne ko takalma, babu sandar sama. Gola shi ne ƙaramin cikinmu ko wanda ya zo a makare, ana ci a canza shi. Sannan ga babbar dokar: kwana uku, fenariti ɗaya. Yaro zai yi shekara goma yana buga ƙwallo bai taɓa tsayawa kare kwana ta gaske ba. Ana yabon mai yanka, ana yabon mai gudu, babu mai tafa wa wanda ya kawar da ƙwallo da ka.

Wannan ma yana da iyaka, kuma adalci ne a faɗa. Troost-Ekong da Leon Balogun a Turai suka tashi, ba a filayenmu ba. Baggio a 1994, Rojo a 2018 da Haller a 2024 duk ana cikin gudun wasa suka ci mu. Manyan ƙungiyoyi ma kan yi barci, kamar yadda Trent Alexander-Arnold ya yi wa Barcelona kwanar gaggawa ranar 7 ga Mayu 2019, irin dabarar Maradona ta 1994. Abin da lissafin ya tabbatar shi ne ƙofa ɗaya ce ta fi yawan buɗewa a manyan ranakunmu, kuma cikin shekara talatin an fi sauya mutane fiye da gyara ta.

Abin da ya shafi filayenmu

Ƙwallo ta makaranta ta shigo ƙasar nan. Wasan farko da aka rubuta labarinsa an yi shi ne a Kalaba a 1904, tsakanin makarantar Hope Waddell da ma'aikatan wani jirgin ruwan Birtaniya. A Arewa ma makarantun kwana ne suka daɗe suna riƙe da wasa mai tsari, da malamin wasanni, da gasar gida da gida. A yankinmu wannan igiya ta yi rauni. Bayan daren 11 ga Disamba 2020 da aka sace ɗalibai sama da 300 daga Makarantar Sakandaren Kimiyya ta Gwamnati da ke Ƙanƙara, gwamnatin jiha ta rufe makarantun kwana na wani lokaci. A garuruwa da yawa kowa so yake ya koma gida kafin duhu. Da damina gona ta ɗauke safiya. Abin da ya rage wa yara shi ne ɗan tsakanin la'asar da magariba, kuma da an iso fili sai a raba biyu a fara.

Duk da haka, a cikin dukan sassan ƙwallo wannan ne bai buƙatar kuɗi. Ba ya son ciyawa, ba ya son sabon takalmi. Kocin unguwa zai iya ware minti 15 na ƙarshe, a buga kwana goma daga dama goma daga hagu, kowane yaro ya san mutuminsa, gola ya koyi buɗe baki yana ba da umarni, a sa mutum ɗaya ya saba da cewa idonsa na kan ƙwallo tun daga busar alƙali har a buga. Ƙungiyar ƙauye da ba ta da mai yanka ko ɗaya za ta iya fitar da ta cikin gari da wannan kaɗai. Yaron da ke mafarkin Katsina United ko Kano Pillars kuma zai je gwaji da abin da yawancin sa'o'insa ba su da shi. Rabiu Ali ya daɗe yana ci wa Pillars ƙwallo da firikik, kuma irin wannan ƙafa maimaici ke yin ta.

Ga mai son rubuta tarihi

Duk abin da muka kawo a sama kowa na iya tantance shi. Bidiyon waɗannan ƙwallaye na nan a YouTube, ranaku da mintuna a rubuce suke. Aikin kawai shi ne a jera su, a ƙirga, a tambayi yadda kowace ta faro. Da an yi haka sai labarin ya sauya daga “Rufai ya tsufa” da “Kaita ya kashe mu” zuwa wani abu da za a iya gyarawa. Mai rubuta tarihin noman auduga a Daudawa, ko na wata kasuwa, ko na sarautar garinsu, zai gamu da irin wannan: sunan mutum ɗaya da kowa ke ambata, da wani dalili mai maimaituwa da ba a lura da shi ba. Ya kuma kawo hujjar da ta saɓa wa ra'ayinsa, kamar yadda 1996 da ƙwallon Haller suka saɓa wa namu.

Akwai aikin da ke jiran mu a gida. Ana buga gasanni a Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa, na unguwanni da na makarantu da waɗanda 'yan siyasa ke sa wa kofi, ana gamawa labarin ya koma baki. Duk wanda zai je kallo daga cikinmu ya riƙe ɗan littafi. Ya rubuta rana da fili da sunayen ƙungiyoyi, ya rubuta yadda kowace ƙwallo ta shiga: kwana ce, firikik ne, jifa ce, ko cikin gudu. Bayan kaka biyu ko uku zai sami abin da babu wanda ke da shi, kuma zai iya gaya mana ko ƙofar da ake shigo wa Super Eagles ita ce ake shigo wa yaranmu.

Allah ya ba yankinmu zaman lafiya, ya ƙara mana basira. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.